Tsohuwar da Ta Yi Mini Sauka Sau Biyu

Allah da ya ba mu Kaka ya karɓi abarsa. Ta rasu wata Laraba bayan la'asar, a ƙarshen daminar nan, lokacin da ruwa ya cika fadama har ya shanye hanyar da ta haɗa ƙauyenmu da Haɗeja. Na ɗauka ruwan zai hana mutane zuwa. Ina! Wasu a kwalekwale suka zo, wasu a kan gora, irin wadda masunta ke kifa ciki a kai suna iyo, wasu kuma suka naɗe wando suka ratso. Da baƙo ya tsaya a bakin gari ran nan, da ya rantse yaƙi aka kawo mana ta ruwa.

Matan da suke sayar da bandar kifi tare da ita a kasuwar Haɗeja su suka fara isowa. Tun daga bakin kogi suka ɗora hannu a ka. Liman ya aika a gaya musu ihu ba ya amfanar mamaci, su yi addu'a. Babbarsu ta aiko masa da amsa cewa addu'ar ma za su yi, amma ya bari su gama wannan tukuna, tun suna da haƙora suke zama inuwa ɗaya da ita. Ƙanenta, wanda suka daɗe ba sa gaisawa saboda wata komar kamun kifi da ya ara ya dawo da ita a yage, shi ya fi kowa kuka, har sai da aka riƙe shi. Goggo, yayar Baba, ba ta zubar da hawaye ko ɗaya a gaban mutane ba, sai faɗa take ta yi da masu ɗebo ruwa. Baba kuwa yana zaune a zaure, kansa a ƙasa, ana ce masa ya haƙuri yana amsawa.

Ni kuma duk tsohuwar da ta shigo sai ta nemo ni. "Ango, an yi maka rashin amarya." Haka Kaka ke kirana tun ina tsumma, angonta. Ni ne ɗan fari a gidanmu, iyayena suna kunyata, don haka tun da aka yaye ni a ɗakinta na tashi. Duk wanda ya ce mini ango a kwanakin nan sai in yi dariyar dole.

A kwaleji an sa mun haddace sarakunan Ingila da matansu da yaƙe-yaƙensu, mutanen da ko ruwan randa ba su taɓa ba ni ba. Na tabbata babu Baturen da zai zauna ya rubuta labarin wata tsohuwa mai ƙarnin kifi. Shi ya sa na zauna ni zan rubuta, don ƙannena su karanta in sun girma.

Iyayenta daga wajen Tabkin Chadi suka taso, gidan malamai ne. Ita ba ta yi nisa a karatu ba, amma tana alfahari da cewa babu namijin da ya taɓa fita daga gidansu bai sauke Alƙur'ani ba. In ranta ya ɓaci Hausa ba ta isarta, sai ta juya Barbarci, kuma da ka ji ta juya, ka nemi inda za ka fake. Ba ta da tsawo, amma muryarta daga wannan gaɓar kogi tana tayar da dinya a waccan gaɓar.

Babu wanda ya ƙi boko a duk ƙasar Haɗeja kamar Kaka. Ranar da aka ce ɗan aiken hakimi yana zuwa ɗibar yara makaranta, gari ya watse. Wasu aka tura su kiwo, wasu aka saka su cikin rumbu. Ni kuwa ta ɗauke ni ta cusa a murhun da take bandar kifi, da yake ba wuta a ciki, ta rufe da tabarmar kaba, ta zauna a gefe tana jan carbi. Dabarar ta yi kyau, sai dai ba ta yi shawara da kyanwoyin gari ba. Da ɗan aike ya shigo tare da malamin makaranta, sai suka tarar da kyanwoyi sun kewaye tabarma suna jiran a buɗe musu.

"Iya, me ke cikin nan?"

"Kifi."

Kifi ya yi atishawa.

Aka fito da ni baƙi ƙirin. Kaka ta ce ai yaron bai isa ba, jiya-jiya aka yaye shi. Malamin ya ce ba a gardama, in ɗora hannu ta saman kai in kamo kunnena na ɗaya gefen, in na kamo na isa, in ban kamo ba a bar ni. Kaka ta yi ta ƙifta mini ido har na zaci wani abu ne ya faɗa mata. Ni kuma ga jama'a sun taru ana kallona, sai na kamo kunnen, har na ja shi don kowa ya gani. Ran nan na ji Barbarcin da ban taɓa ji ba, kuma har yau ban sami wanda ya yarda ya fassara mini ba.

Aka kai ni Elementare a Haɗeja, aka ajiye ni a gidan wasu danginmu. Duk ranar kasuwa sai ta zo ta shinshina bakina ko an ba ni abin da bai halatta ba, ta tambayi matar gidan ko ina salla. Da ta ga an yi shekara ban zama Bature ba, sai ta fara sassauci. Tambayarta ɗaya ce kullum: "Ango, yaushe za ka sauke?" A wurinta karatu duk ɗaya ne. Ana farawa, ana wahala, ana saukewa, a yanka rago, a yi addu'a, shi ke nan.

Da na gama aji huɗu na ce mata an gama. Sai ta tafi kasuwa ta ja rago ta dawo. Ta sa aka dafa shinkafar fadama tukunya-tukunya, aka gayyato dattawa, aka zura mini wata babbar riga da mutum uku irina za su kwana a ciki, aka naɗa mini rawani. Liman ya ce shi dai bai taɓa jin an yi saukar boko ba, amma tun da an yanka rago ba zai ƙi zuwa ba. Aka zaunar da ni a tsakiya aka ce in karanta abin da na sauke. Na rasa abin da zan karanta, sai na rufe ido na rera musu jadawalin lissafi da Turanci, tun daga biyu sau ɗaya. Duk inda na tsaya numfashi, tsofaffin mata daga cikin gida sai su ce amin.

Hedimasta ma ya zo, an ba shi cinya guda. Yana cikin ci sai ya ɗaga kai ya ce, "Iya, ina taya ki murna biyu. Yaron nan ya ci jarrabawa, an ɗauke shi Midil a Kano."

"Midil kuma? Ba ya sauke ba?"

"Ai Elementare ya gama. Yanzu karatun zai soma."

Kaka ta dube shi, ta dubi cinyar, ta sa hannu ta ɗauke kwanon daga gabansa. "To in ya sauke ka zo ka ƙarasa."

Akwai ɗan maƙwabcinmu da muka zauna jarrabawar tare, shi bai ci ba. Ya ƙi zuwa walimar, ya ɓuya a bayan gidansu. Kaka ta ɗauki cinyar nan ta hedimasta ta kai masa da kanta. Ban san abin da suka tattauna ba, amma daga ranar shi yake ɗaukar mata kwandon kifi zuwa kasuwa, ta koya masa yadda ake gane tarwaɗar da ta banda sosai da wadda za ta yi tsutsa. Yau shi ke loda kifi a jirgin ƙasa zuwa Kano. Shi ya haƙa kabarinta, ya hana kowa karɓarsa.

Shekarun Midil ba ta taɓa zuwa Kano ba, ta ce ba za ta shiga abin da yake tafiya ba a ga mai jansa ba. Amma duk hutu in zan koma sai ta cika mini akwati da banda, har littattafaina suka ɗauki ƙamshi. Baturen da ke koya mana Turanci in ya karɓi aikina da yatsa biyu yake riƙewa. Da na gama Midil ta sake jan rago. Wannan karon Goggo ta ce, "Inna, ki bari a tambaya tukuna." Ta ce wane irin karatu ne zai ci shekara takwas bai ƙare ba, ko masu hadda ba su kai haka ba. Aka yanka, aka ci, aka suɗe. Ba a gama wanke tukwane ba labari ya zo cewa an zaɓe ni zuwa kwaleji a Zariya.

A nan ne suka yi faɗan da ba a taɓa yi ba ita da Baba. Baba ya ce ya isa haka. Yaran da suka gama Midil ana ba su aiki a En'e, hukumar sarki, wasu malaman asibiti, wasu masu rubutu a ofis, suna hawa keke suna taimakon iyayensu. Ni kuma me za a ƙara mini a Zariya? Duk mun ɗauka Kaka za ta goyi bayansa, ita da ta cusa ni a murhu. Sai ta ce:

"Ni ban kai shi ba, ƙwace shi aka yi ina ji ina gani. Amma a gidanmu ba a ajiye allo da rabin rubutu. Tun da ya fara, sai ya kai ƙarshe, ko a bayan duniya ƙarshen yake."

Baba ya ce, "Inna, ai wannan ba irin wancan karatun ba ne."

"Na ce maka irinsa ne? Kunyar barinsa ce iri ɗaya."

Ta ƙi cin tuwon gidan har sai da ya yarda. Ba wai ta zauna da yunwa ba, ni nake sato mata ta bayan danga.

A hutuna na farko daga kwaleji ta kira ni bakin murhu, ta ce rago biyu sun tafi a banza, ba za a yi mata na uku ba. In faɗa mata gaskiya tsakanina da Allah, hawa nawa ne abin nan. Na ga in na yi da baki ba za ta riƙe ba, sai na jawo kwandon kifi. Na jera ƙananan karfasa, na ce wannan Elementare. Na jera tarwaɗa, na ce Midil. Na ajiye ragon ruwa, na ce kwaleji, inda nake yanzu. Sa'an nan na ɗauko wani ƙaton giwan ruwa da ya fi kowane kifi a kwandon na ajiye can nesa, a bakin tabarma.

"Wannan fa?"

"Jami'a. A Badun take, can Kudu. Ba a shigarta sai an zauna wata jarrabawa da ta fi duk na baya zafi. Yaran Arewa da suka shiga ba su da yawa."

"Daga Haɗeja fa?"

"Ban ji labarin ko ɗaya ba."

Ta daɗe tana kallon giwan ruwan. "Bayan wannan akwai wani kifi?"

"Babu, amarya. Daga nan sai tabarma."

"Ka rantse."

Na rantse. Ranar kasuwa ta sayo ɗan rago, ta ɗaure a ƙofar ɗakinta, ta tara shaidu, ta ce wannan na saukar gaskiya ne, ba mai sa masa wuƙa sai angonta ya cinye babban kifin. Ragon nan ya ci dusa, ya ci harawa, ya ci zanin Goggo, ya ci rabin littafina na tarihi. Ya girma har yara suka daina bi ta ƙofarmu. Ya taɓa tunkuyin mai unguwa ya zaunar da shi cikin kwata. Duk Babbar Salla Baba sai ya zagaya shi yana gyaran murya, Kaka kuma ta ce, "Wuce, ba naka ba ne."

Bana nake shekarar ƙarshe a kwaleji. Kafin a ba mu hutu shugaban makaranta ya tara mu, ya ce duk mai son zama jarrabawar jami'a ya dawo da yardar mahaifinsa, wanda bai dawo da ita ba ba za a sa shi ba. Ban damu ba, na san ina da Kaka. Na dawo na tarar da ita a kwance. Ta rame har na kasa yi mata tsiya, ita ta fara.

"Ango, ka zo ka ga ko na mutu ka ƙara aure?"

"Wa zai aure ni da wannan ƙarnin da kika shafa mini?"

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Na so in yi mata maganar yardar Baba, amma na ce bari ta ji sauƙi. Ba ta ji ba.

Ranar sadakar bakwai da safe na fito na ga an kwance ragon, ana wasa wuƙa. Baba na tsaye da Liman da ƙanen Kaka da sauran dattawa. Ban iya tunkarar Baba ba, a gidanmu ɗan fari ba ya tsayawa gaban ubansa da magana. Na ruga ciki na kira Goggo. Ta fito da muciya a hannu.

"Auta, me za ka yi da ragon nan?"

Baba da furfurarsa, a gaban dattawan gari, aka kira shi Auta. Ya ce, "Yaya, sadakar Inna za a yi. Ragonta ne."

"Ragon sauka ne. Ya sauke?"

"Karatun nan ba shi da sauka."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Yana da ita, Baba. Saura hawa ɗaya."

Bai dube ni ba. Goggo ya duba. "Gaya masa haka aka ce mana har sau biyu."

Dattawa suka fashe da dariya a gidan makoki, har Liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Baba bai yi dariya ba. Ya ce wa Goggo ta gaya mini ruwa ya cinye shinkafarsa bara, bana ma ga shi ya hau. Idonsa ya fara hazo, ba ya ganin ƙugiya in rana ta yi sanyi. Ƙannena ƙanana ne. An yi masa alkawarin kujerar akawu a En'e tana jirana da na gama kwaleji. Kuma Badun ɗin nan, wa ya san ta? Wa zai tashe ni sallar asuba a can? Inna ta tafi, shi aka bar wa gidan.

Babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa, shi ya sa ta yi mini nauyi. Na durƙusa na ce wa Goggo ta gaya masa ban ƙi aikin En'e don raini ba. Ta gaya masa in na tsaya yanzu akawu zan zama, in rubuta abin da wani ya faɗa har in tsufa. In na wuce zan dawo ina cikin masu faɗa, kuma Turawan nan kowa na cewa ba za su dawwama ba, in sun tafi wani ne zai zauna inda suke. Ta gaya masa sallata kuwa, wadda ta koya mini ita ko a kabari take ina tsoronta.

Goggo ta ce, "Ka ji shi ai, ba sai na maimaita ba. Kunnenka ba ya hazo."

Liman ya tambaya ko akwai wanda ya ji marigayiya ta keɓe ragon. Matan kasuwa daga cikin gida suka amsa baki ɗaya, har ragon ya firgita. Liman ya ce to rago dai ba na sadaka ba ne, amma yardar uba ba a hannunsa take ba. Baba ya daɗe yana kallon wuƙar.

"Yaya, gaya masa sau ɗaya. Ya zauna sau ɗaya. In ya ci, ya tafi, Allah ya tsare. In ya faɗi, ya dawo ya ɗauki alƙalamin En'e, kada in sake jin sunan garin nan a gidana."

Ya sa aka mayar da ragon turkensa, aka kamo bunsurunsa aka yanka.

Da hutu ya ƙare ruwa bai janye ba. Dole sai a kwalekwale za a fitar da ni zuwa tudu, daga nan in nemi motar da za ta kai ni garin Malam Madori in hau jirgin ƙasa. Na zaci ɗan maƙwabcinmu zai kai ni. Na iso bakin ruwa da akwatina sai na tarar da Baba a tsaye a bayan kwalekwale da sandar tuƙi. Na shiga na zauna na ba shi baya. Muka ratsa ta kan gonarsa, kan shinkafar kaɗai ke leƙowa daga ruwa. Haka muka yi ta tafiya har muka wuce goribar da ke iyakar gari.

Can sai na ji ya yi gyaran murya.

"Kai. Jarrabawar nan, me za su tambaye ka?"

Na waiga in ga ko Goggo ta biyo mu a kan gora. Babu kowa, ni yake yi wa magana.

"Turanci, Baba. Da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa."

"Wanne ne ya fi ba ka wuya?"

"Lissafi."

"Yana cikin akwatin?"

"Yana ciki."

"To fito da shi. Tudu da sauran nisa, kuma ni ba sauri nake ba."

Na buɗe akwati na ɗauko littafin, na ɗora a gwiwa. Ya rage ƙarfin tuƙi don kada ruwa ya fantsamo a kan takarda.

Kaka, Allah ya yafe miki, ya sanyaya makwancinki, ya haɗa ki da malaman gidanku da kike alfahari da su. Zama ɗaya aka ba ni, kuma ba na neman na biyu.